Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasannin Tsohon Kiɗan Rock da Faya-fayensu

Waɗanda suka yi samartaka a Ingila da Amurka tsakanin 1965 da 1985 yanzu furfura ta cika musu kai. In hira ta haɗa su a kan kiɗan rock, ba kasafai suke tsayawa kan faifan da aka naɗa a sitidiyo ba. Zancensu shi ne daren da suka ga wane a dandamali, da layin tikiti da suka kwana a kai, da yadda kunnensu ya yi kwana biyu yana ƙara. Ga tambayoyin da mai sauraro na yanzu kan yi idan ya ji irin wannan hira.

Wane kiɗa ake nufi, kuma na wane zamani?

Kiɗan jita mai aiki da lantarki ne, da ganguna, da jita mai kaurin murya, wani lokaci da fiyano. Ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980. Manyan ƙungiyoyinsa sun haɗa da Beatles, Rolling Stones, The Who, Led Zeppelin, Pink Floyd, Deep Purple da Queen daga Ingila, sai Jimi Hendrix, Santana, Grateful Dead da Allman Brothers daga Amurka. Tushensa kiɗan blues ne na baƙaƙen fatar Amurka. Samarin Ingila suka koye shi daga faya-fayai, suka ƙara masa ƙarfi, suka mayar wa Amurkawa da shi.

Me ya sa tsofaffin masoya ke dagewa cewa faifai bai kai wasa ba?

Suna da hujja, kuma ba ɗoki kaɗai ba ne. Gidajen rediyo na lokacin waƙar minti uku zuwa huɗu suke so, kuma fuska ɗaya ta faifan garmaho ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai. A sitidiyo dole makaɗi ya takura kansa. A dandamali kuwa babu mai riƙe masa agogo. Waƙar Allman Brothers mai suna "Whipping Post" minti 5 ce a faifansu na farko, amma a wasan da suka yi a zauren Fillmore East na New York cikin Maris 1971 ta kai minti 23, ta cinye fuska guda ta faifai ita kaɗai. Led Zeppelin kan ja "Dazed and Confused" daga minti 6 zuwa fiye da rabin awa, mai jitarsu Jimmy Page yana goga jitarsa da izgar goge.

Abin da ke sa wannan tsawo ya yi armashi shi ne ba a shirya shi ba. Mai jita zai ɗauki wata hanya, mai ganga ya bi shi ko ya ja shi wani wuri, kuma su kansu ba su san inda za su ɓulla ba. Wanda ya je daren Talata da wanda ya je daren Laraba ba abu ɗaya suka ji ba. Shi ya sa musunsu ba ya ƙarewa: kowa yana kare daren da ya gani da idonsa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane dare ne ke yin kyau ba. Akwai daren da mai ganga zai yi minti ashirin yana duka shi kaɗai, jama'a su watse neman abin sha. Masu ba da labari ba su cika tuna irin wannan ba.

Da gaske ne a wasannin Beatles ba a jin komai?

Da gaske ne. Ranar 15 ga Agusta 1965 sun yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum 55,600. Na'urorin ƙara sautin jitarsu masu ƙarfin wat 100 ne, muryoyinsu kuma ta lasifikar da ake sanarwar wasan ƙwallo suke fita. Ihun 'yan mata ya danne komai. Su kansu makaɗan ba sa jin juna, domin a lokacin babu lasifikar da ke fuskantar mawaƙi. Mai gangarsu Ringo Starr ya sha faɗa cewa motsin jikin abokansa yake kallo daga baya don ya gane inda aka kai a waƙa. Bayan kimanin shekara guda suka gaji: wasansu na ƙarshe da aka biya kuɗin shiga shi ne na San Francisco, 29 ga Agusta 1966. Bayan nan sai wanda suka yi a saman rufin ofishinsu a Landan ranar 30 ga Janairu 1969, kimanin minti 42, har 'yan sanda suka hau suka ce a rage.

Wannan matsala ce ta haifi masana'antar sauti ta yau. Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, ya fara ƙera manyan na'urori saboda makaɗa irin su Pete Townshend, mai jitar The Who, suna ta neman ƙarin ƙarfi. Zuwa 1974 Grateful Dead na yawo da wata katangar lasifika kusan 600 da ake jerawa a bayansu, wadda tsadar ɗaukarta ta sa suka ajiye ta ba da jimawa ba. A 1976 The Who suka shiga kundin Guinness da ƙarar desibel 126 a filin Charlton na Landan. Townshend ya daɗe yana fama da matsalar ji, kuma da yawa cikin masu alfahari da cewa sun tsaya dab da lasifika a wancan zamani yau da na'urar kunne suke yawo.

Kowa na cewa ya je Woodstock. Me ya faru a can?

Babban bikin kiɗa ne da aka yi daga 15 zuwa 18 ga Agusta 1969 a gonar wani mai kiwon shanu, Max Yasgur, a Bethel cikin jihar New York. Garin Woodstock ɗin ma yana da nisan fiye da kilomita 60 daga wurin. Tikitin kwana uku dala 18 ne ga wanda ya saya tun da wuri, amma jama'a sun iso kafin a gama kafa shinge, sai masu shiri suka haƙura suka ce kowa ya shiga kyauta. Mutum wajen 400,000 suka taru. Hanyoyi suka toshe har sai da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa kawo makaɗa. Aka yi ruwan sama, wuri ya zama taɓo, abinci ya ƙare.

Jadawali ya rikice gaba ɗaya. The Who sun hau dandamali da asuba. Grateful Dead sun yi wasa lantarki na jan su a jikin kayan kiɗa, kuma su da bakinsu sun ce ba su yi abin kirki ba. Santana, da ko faifan farko bai fitar ba tukuna, shi ya tashi da suna. Jimi Hendrix, wanda aka ajiye don rufe taro, bai samu hawa ba sai safiyar Litinin, lokacin da mafi yawan mutane sun kama hanyar gida. Saboda haka in tsoho ya ce maka ya ga Hendrix yana kaɗa taken Amurka a Woodstock, ka tambaye shi ranar da ya tafi. Yawancin abin da duniya ke tunawa da wannan taro daga fim ɗin da aka fitar a 1970 ya fito, kuma masu tace fim sun san abin da suka bari da abin da suka zubar.

Faifan da aka rubuta wa "kai tsaye", da gaske kai tsaye ne?

Nan gizo ke saƙa. Wasu haka suke, wasu an yi musu kwaskwarima. Bayan wasa akan koma sitidiyo da faifan, mawaƙi ya sake rera inda muryarsa ta kauce, mai jita ya gyara inda yatsa ya zame, a ƙara tafi a inda jama'a suka yi sanyi. 'Yan ƙungiyar Kiss sun amsa daga baya cewa an taɓa faifansu Alive! na 1975. A kan Live and Dangerous na Thin Lizzy, 1978, Tony Visconti da ya haɗa faifan ya ce kaso mafi yawa a sitidiyo aka sake shi, 'yan ƙungiyar kuma suka ce ƙarya ne. Har yau masoya na wannan musu.

A ɗaya ɓangaren akwai Made in Japan na Deep Purple, wanda Martin Birch ya naɗa a Osaka da Tokyo daga 15 zuwa 17 ga Agusta 1972. Ƙungiyar ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba, don a tunaninsu a Japan kawai za a sayar, sai suka bar shi yadda yake. Akwai kuma Live at Leeds na The Who, da aka ɗauka ranar 14 ga Fabrairu 1970 a ɗakin cin abincin ɗaliban Jami'ar Leeds. Ana jin ƙarar wayar kayan kiɗa mara kyau a cikinsa, kuma sun rubuta a jikin faifan cewa kada a gyara. Washegari sun yi wasa a Hull, wanda wasu ke ganin ya fi na Leeds kyau, amma na'ura ba ta kama jita mai kaurin murya ta John Entwistle a waƙoƙin farko ba, shi ya sa na Leeds ya shiga tarihi.

A ganina faifan da aka bari da kurakuransa ya fi. In ka goge kuskure, ka goge shaidar cewa makaɗin ya yi kasada a wannan dare. Wanda aka gyara yana da daɗin ji a mota, ba musu, amma ba shi ne abin da mutanen da ke zauren suka ji ba.

Yaya ake naɗar wasa a wancan lokaci?

Da babbar mota. Akan cika bayanta da na'urar naɗar sauti mai layi 8 ko 16, a ajiye ta a wajen zaure, a ja wayoyi zuwa dandamali. Wadda ta fi suna ita ce ta Rolling Stones, da suke ba wasu haya. Ita Deep Purple suka kai Montreux a ƙasar Siwizalan a Disamba 1971 don su naɗi faifai a gidan cacar garin. Ranar 4 ga watan, Frank Zappa na cikin wasa a wurin, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi sama, ginin ya ƙone ƙurmus. Hayaƙin da suka ga ya kwanta a kan tafkin da ke bakin garin shi ya zama waƙar "Smoke on the Water", aikin kuma a cikin wani otal da ba kowa suka ƙarasa shi.

Su kuma faya-fayan bayan fage da ake ta magana, mene ne su?

Su ne waɗanda 'yan kallo suka naɗa a ɓoye, ko aka fitar ta bayan gida daga teburin mai haɗa sauti. Sana'ar ta kankama a 1969. A Nuwamba na shekarar wani ya naɗi wasan Rolling Stones a Oakland, faifan ya yi kasuwa sosai, kuma yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ta fitar da nata na halal a 1970. Manajan Led Zeppelin, Peter Grant, ƙaton mutum wanda ya taɓa yin kokawa, ya tsani wannan harka. Yakan shiga shago da kansa ya kwashe duk wanda ya gani. Duk da haka wani mai suna Mike Millard ya riƙa shiga zauren Forum na Los Angeles a keken guragu, alhali ƙafarsa lafiya lau, da rikoda ɓoye a ƙarƙashin mazauninsa. Abin da ya naɗa ranar 21 ga Yuni 1977 yana cikin waɗanda masoyan ƙungiyar suka fi ji da su, kuma shi ba don sayarwa yake yi ba.

Grateful Dead sun bi wata hanya daban. Sun bar mutane su naɗa, har a 1984 suka ware wa masu rikoda wuri na musamman a bayan teburin sauti, da sharaɗin musaya za a yi, ba ciniki ba. Sun yi wasa wajen 2,300 daga 1965 zuwa rasuwar jagoransu Jerry Garcia a 1995, kuma mafi yawansu akwai su a naɗe. Masoyansu da kwanan wata suke kiran wasa. Ka ce musu 8 ga Mayu 1977, nan take za su ce maka Jami'ar Cornell. Kaset ɗin wannan dare ya yi shekara arba'in yana yawo hannu zuwa hannu kafin a fitar da shi a hukumance a 2017. Kyautar da suka yi ba ta rage musu kasuwa ba, ita ce ma ta tara musu jama'ar da ke bin su gari zuwa gari.

A doka dai, sayar da irin wannan faifai ba da izini ba satar fasaha ce.

Za a iya yarda da duk abin da tsofaffin masoya ke tunawa?

Da taka-tsantsan. Shekara da shekaru wani faifan bayan fage na Bob Dylan ya yi ta yawo da sunan zauren Royal Albert Hall na Landan. A cikinsa ne wani ɗan kallo ya yi masa ihun "Judas", wato maci amana, saboda ya ajiye jitar gargajiya ya ɗauki ta lantarki. Daga baya aka tabbatar a Manchester aka yi wasan, ranar 17 ga Mayu 1966. Kuma mutum biyu daban-daban sun fito kowa ya ce shi ne ya yi ihun.

Ba a samun tashin hankali a irin waɗannan taruka?

Ana samu, kuma masu kewar zamanin kan tsallake wannan babi. Wata huɗu bayan Woodstock, ranar 6 ga Disamba 1969, Rolling Stones suka shirya wasan kyauta a Altamont na jihar Kalifoniya, aka ba 'yan babur na Hells Angels tsaron dandamali. Tun da rana suke dukan jama'a. Da dare wani saurayi ɗan shekara 18, Meredith Hunter, ya zaro bindiga, ɗaya daga cikinsu ya daɓa masa wuƙa ya mutu, ƙungiyar na tsakiyar waƙa. Ranar 3 ga Disamba 1979 kuma mutum 11 suka rasu a turmutsutsu a ƙofar zauren da The Who za su yi wasa a Cincinnati. Tikitin ba shi da lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke samun gaba, kuma ƙofofi kaɗan aka buɗe. Ba a gaya wa makaɗan ba sai bayan sun sauka. Birnin ya haramta irin wannan tsarin zama na tsawon shekaru.

Ga kuma ƙwaya da giya. Hendrix ya rasu a Satumba 1970 yana da shekara 27, Keith Moon na The Who a 1978, John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, a 1980, kuma da rasuwarsa ƙungiyar ta watse.

Me ya sa ake yawan ambaton Queen idan aka zo zancen Live Aid?

Live Aid, 13 ga Yuli 1985, Bob Geldof da Midge Ure suka shirya shi don tara kuɗin agajin yunwar Habasha, a filin Wembley na Landan da wani filin a Philadelphia lokaci guda. Kowace ƙungiya minti ashirin aka ba ta. Queen sun zauna sun yi atisaye, suka datse waƙoƙinsu suka jera su ba tare da ɓata daƙiƙa ba, mawaƙinsu Freddie Mercury kuma ya sa mutum 72,000 suna amsa masa amshi. Led Zeppelin sun sake haɗuwa a ranar ba tare da isasshen shiri ba, abin ya watse musu, har suka hana a sa nasu a faifan bidiyon da aka fitar a 2004. Wani abin da ya kamata a faɗa: taro ne da sunan Afirka, amma kusan babu makaɗan Afirka a dandamalin.

Shin wannan kiɗa ya taɓa ratsowa ta wajenmu?

Ya ratso. Ranar 6 ga Maris 1971 Santana ya yi wasa a Akra a bikin Soul to Soul, tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner. A shekarar ce Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya keto Sahara da mota zuwa Najeriya. Ya yi faifai da Fela Kuti, kuma a 1973 ya buɗe sitidiyo a Ikeja. Samarin da suka kafa ƙungiyar BLO sun yi aiki da shi kafin su tsaya da ƙafarsu, a lokacin da ƙungiyoyi irin su Ofege da Funkees ke tashe bayan yaƙin basasa. A 1973 ɗin Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya zo Legas ya naɗi yawancin faifansa Band on the Run a sitidiyon EMI da ke Apapa. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa suka tafi da kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da suka naɗa kafin magana ta mutu.

A arewa kuwa ta hannun Buzaye abin ya shigo. Kaset ɗin Dire Straits da Hendrix sun yi yawo a Sahara, kuma Bombino na Agadas ya faɗa cewa bidiyon Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits ya riƙa kallo yana koyon jita. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma ta katin waya suka bazu kafin kamfanonin waje su san shi. Robert Plant na Led Zeppelin da kansa ya je ya yi wasa a bikin hamada na Essakane a Mali cikin 2003.

Ya dace mutum ya biya kuɗi ya ga waɗanda suka rage a raye?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A da faifai ne ke kawo kuɗi, yawon wasa talla ne. Yanzu da faifai ba ya sayuwa kamar da, tikiti ne abincinsu, shi ya sa ya yi tsada. Buƙata kuma ba ta ragu ba: da Led Zeppelin suka haɗu na dare ɗaya a zauren O2 na Landan ranar 10 ga Disamba 2007, ɗan Bonham, Jason, yana kan ganga, buƙatar tikiti miliyan 20 aka samu a kan kujera wajen 20,000. Wannan dare ya yi kyau domin sun yi makonni suna shiri. Amma wasan yanzu yawanci a ɗaure yake da fitilu da bidiyo da kwamfuta ke tafiyarwa, ba a kaucewa daga tsari, kuma wasu ƙungiyoyin mutum ɗaya ko biyu ne kawai suka rage daga na asali. Za ka ji waƙoƙin da kake so, an sauke su kaɗan don muryar dattijo ta iya kaiwa.

Da wane faifai zan fara?

Fara da Made in Japan in kana son ƙarfi, ko At Fillmore East na Allman Brothers in kana son jin jita biyu suna zance da juna. Duane Allman, ɗaya daga masu jitar biyu, ya rasu a hatsarin babur a Oktoba 1971, 'yan watanni bayan fitowarsa, don haka shi ne mafi kyawun abin da ya bari. Live at Leeds ka nemi bugun farko mai waƙa shida kafin ka shiga dogayen da aka fitar daga baya. Duk wanda ka zaɓa, ka fara jin waƙar a faifan sitidiyo, sannan ka ji ta dandamali, don ka gane inda suka bar hanya. Ka kuma ji shi daga farko zuwa ƙarshe da abin sauraro na kunne ko lasifika mai kyau, domin lasifikar waya ba ta fitar da jita mai kaurin murya, kuma a faifan The Who ita ce rabin kiɗan.